A saye kayan jariri gaba ɗaya ko a riƙe kuɗin?

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kin ce cikin fari ne, wata 5, kuma ke da maigida kun ɗan tara kuɗi amma kun kasa tsayar da magana: shi yana so a sayi komai yanzu a huta, ke kina so a sayi kaɗan a ajiye saura. Ni dai ina bayanki, ko da yake shi ma yana da hujja.

Kuɗin da ya riga ya zama kaya ba mai zuwa aronsa, ba ya kuma zirarewa a cefane. In farashi na hawa, abin da aka saya yau ya tsira. Ga shi mai jego ba ta da ƙarfin yawon kasuwa. Iyakar ribar tsarinsa ke nan.

Inda yake da rauni, sayayya ce ake yi wa wanda ba a gani ba. Jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi kafin ya cika wata 6. Rigar da yake yawo a cikinta a makon farko, nan da nan za ki ga maɓallin ƙasa ya ƙi haɗuwa. Haka famfas: a jibge katan-katan na ƙaramar lamba, sai yaro ya zo da girmansa, ko samfurin ya fesa masa ƙuraje. Madarar gwangwani kuwa kada ma a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, madarar tana da ranar lalacewa, kuma in bukatarta ta taso ba a rasa ta a kanti.

Abin da ya sa na fi son naki tsarin shi ne, kuɗin da ke kayar da mutane a asibiti ake kashe shi. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2021 sun nuna sama da haihuwa 1 cikin 5 a duniya ta hanyar tiyata ce. Kimanin jariri 1 cikin 10 bakwaini ne, wato yana zuwa kafin mako 37, wani har sai an sa shi a kwalba. Ga ciwon shawara, wanda kan sa a riƙe jariri kwanaki ana haska masa fitila. Ba fata ake yi ba, amma ranar da aka ce a kawo kuɗin aiki, akwatin riguna ba zai biya ba, in ma an sayar da su a kan asara ne.

Sai kuma kuɗin da za a riƙa kashewa kowane wata. Sabon jariri na iya cin famfas 8 zuwa 12 a rana, ki lissafa na kwana 30. In kina aiki ko sana'a, ki haɗa da abin da zai ragu a samunki lokacin jego, wannan shi mutane suka fi mantawa.

Tsarin naki ma yana da sharaɗi: kuɗin ya zauna a asusu na daban. In yana haɗe da na hidimar gida, gara ma a bi shawarar maigida.

A awo na gaba ki tambayi kuɗin haihuwa, ki tambayi na tiyata, in kuna da inshora ki ji abin da ta ɗauke. Ku ware mafi tsadan tukuna. Daga abin da ya rage, shi ya sayi kayan da girman yaro bai shafa ba, kamar shimfiɗa, tawul, zannuwa da bahon wanka, ke kuma ki sayi riguna da famfas na makonni 6 kawai, a gama kafin ki shiga wata 8.