Aikin canza rabin kafaɗa a Ingila, ga masu tambayata daga gida

Salam jama'ar gida, musamman mutanen Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da ke ta turo min saƙo kan ciwon kafaɗar iyayenmu, wai ko a kawo su nan a sa musu ƙarfe a huta. Ni dai ba likita ba ce, aikin kula da tsofaffi nake a Manchesta, amma waɗanda aka yi wa aikin nan ni ke sa musu riga da safe, to bari in faɗi abin da na gani.

Kafaɗa ƙwallo ne a cikin gurbi, amosani ya cinye guringuntsin sai ƙashi ya dinga gugar ƙashi. Aikin rabi shi ne a yanke kan ƙashin damtse a sa ƙwallon ƙarfe, gurbin kuwa a bar shi yadda Allah ya yi shi. Matsalar ke nan fa, kamar ka canza taɓarya ta koma ta ƙarfe turmin kuma na icce ne, a hankali ƙarfen ke cin gurbin, wasu su ji daɗi shekaru, wasu zafin ya dawo sai an sake buɗewa. Shi ya sa in amosani ne likitocin nan sun fi karkata ga canza duka biyun, don ya fi kashe zafi kuma hannu ya fi ɗaguwa. Rabin an fi ajiye shi ga mai sauran ƙuruciya da ke aikin ƙarfi, ko wanda kan ƙashin ya farfashe ko ya mutu gurbin kuma lafiya lau. In kuma jijiyoyin da ke riƙe kafaɗar sun yage akwai wanda ake juyawa, ƙwallo ya koma wajen gurbi, wani likitan Faransa Grammont ya fito da shi wajen 1985, tsofaffin nan da yawa shi ke jikinsu.

Akwai wata tsohuwa da nake dubawa, rabi aka yi mata da daɗewa, tana ɗaukar kofin shayi ta taje gaban kanta, amma in za ta kai hannu ƙeya sai ta cije baki ta tallafo gwiwar hannun da ɗayan. Tace dai barci ya samu, da can ko juyi ba ta iya yi ta wannan gefen.

Maganar kyauta kuma ku rage zumuɗi. NHS, wato hukumar lafiyar gwamnati ta nan, kyauta ce ga mazauna, mu masu biza kuwa yawanci sai an biya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman bizar (masu bizar aikin lafiya an ɗauke musu), baƙo kuma ana cajinsa kuɗin aikin har da ƙarin rabi. Asibitin kuɗi ya haura fam 10,000, ku buga da canjin yau ku gani. Ga layi, a takarda sati 18 ne, a zahiri mutum sai ya share watanni yana shan farasitamol, alhali a gida in da kuɗinka a hannu ba ka wannan jiran.

Inda suka fi mu wlh ba ƙarfen ba ne, bibiya ce. Hannu na rataye sati uku zuwa shida, sannan gashin ƙashi na watanni, a ba ka takarda mai zane ka dinga jan igiya a jikin ƙofa, ka tura sanda sama kana kwance, lokaci lokaci a kira ka hoto a ga ko gurbin ya fara cinyewa. Tun 2012 ma ana shigar da aikin kafaɗa a rajistar ƙasa, lambar ƙarfen da sunan asibitin duk suna nan. Mu kuwa a sayar da gona a kai Alhaji Indiya ko Masar, a dawo da shi da leda cike da magani, ko sunan ƙarfen da ke jikinsa babu wanda ya sani, in zafi ya taso a kira mai ɗori ya murɗa, subhanallahi.

Don haka kafin a nemi biza a fara kai su asibitin ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa na Katsina a yi hoto, a tambayi likita ƙarara: gurbin ya cinye ko da saura, jijiyoyin fa, kuma wa zai yi gashin bayan aiki. Wani ma allurar cikin gaɓa da motsa jiki za su riƙe shi tukuna ba sai an yanka ba.