Hattara da mai gyaran cikin mota da ke yawo a Zariya, ya lalata mini ƙofofin 406

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, musamman masu tsofaffin motoci irin su 406, Golf 3, Vectra da Corolla. Akwai wani mutum da ke yawo a kan babur da jaka a rataye, yana bin wuraren ajiye motoci tun daga Sabon Gari da PZ har Kwangila da Samaru, yana cewa shi gwani ne wajen mayar da kwalin ƙofa da silin mota da suka saki. Ni ya cuce ni, kuma ba na so ya ƙara da wani.

Motata Peugeot 406 ce, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, shi ya sa nake lallaɓa ta. Tun 1995 aka fara ƙera irinta, kuma duk mai ita ya san halinta: inji lafiya lau, amma cikin ya gaji. Ranar Maris da Afrilu ta gasa robobin shekara da shekaru, ƙananan kilif ɗin da ke riƙe kwalin ƙofa sun bushe sun kakkarye, in na faɗa rami sai ƙofofin su ɗauki kiɗa kamar kalangu. Yadin silin kuwa ya sauko har yana shafar hulata.

Wata Asabar ina fitowa daga kasuwar Sabon Gari ya tare ni. "Alhaji, wannan motar ba ta cancanci haka ba, ka ba ni ita kwana ɗaya ka ga aiki." Ya nuna mini hotuna a waya, ya buɗe jaka ya ɗebo kilif cike da hannu, ya ce na Beljiyam ne. Muka daidaita a naira 40,000, na ba shi 25,000 kafin alƙalami. Ya biyo ni gida, ya ɓalle kwalayen ƙofofi huɗu da sukuddireba, ya kwance wasu abubuwa ya zuba a jaka, ya ce sai ya kai shago an matse. Washegari bayan Magariba ya dawo, ya ɗaura komai da fitilar waya. Da safe na duba, wallahi ya yi kyau. Na cika masa kuɗinsa har da na mai.

Ba a yi sati biyu ba gilashin ɓangaren direba ya daina sauka, fis yana ta ƙonewa. Ruwan Agusta ya zo, na ga ƙasan kwalin ya jiƙe ya kumbura, motar ta fara warin gumi. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wayoyin lantarkin mota a Tudun Wada, ya ja kwalin ya ƙi fita. Ya kalle ni ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan?"

Abin da muka tarar shi ne dalilin wannan rubutu. Kilif ko guda ɗaya bai sa ba. Sufa gulu ya zuba a kan auduga ya manna kwalin da ƙarfen ƙofa, sannan ya ɗaura dogayen sukurori a ƙarƙashin aljihun ƙofa inda ido ba ya kaiwa. Ɗaya daga cikinsu ya huda daurin wayoyin da ke zuwa injin gilashi, shi ne ke ƙona fis. Sifikun motar na asali ya kwashe, ya sa wasu ruɓaɓɓu, makunnin gilashi ma ya musanya. Ita kuma ledar da ke tsakanin kwali da ƙarfe ya yage ta ya jefar.

Wannan ledar mutane da yawa suna raina ta, alhali tana da aiki babba. Ƙofar mota ruwa yana shiga cikinta ta gefen gilashi, haka aka ƙera ta, sai ya gangara ya fita ta ƙananan hudoji da ke ƙasa. Ledar ce ke tare shi kada ya taɓa kwali da sifika da wayoyi. In aka cire ta, damina ɗaya ta isa ta kashe kwalin. Shi kuma kilif an yi shi ne don a cire a mayar, saboda injin gilashi da makulli duk a bayan kwalin suke. Wanda ya manne shi da gam ya rufe maka hanyar gyara ke nan. Biyu daga cikin nawa sai da suka tsage kafin su rabu da ƙarfen.

Silin ma haka. Da sirinji ya tsattsaga yadin yana ɗura gam, ya danne da hannu. Dattijon ya kira maƙwabcinsa mai ɗinkin kujerun mota, shi ya nuna mini abin da ke faruwa: tsakanin yadi da allon silin akwai siririn soso, zafi ne ke mayar da shi gari, kuma babu gam ɗin da zai kama gari. Aikin gaskiya sai an sauke allon gaba ɗaya, a kankare tsohon soson da buroshi, a shafa gam mai jure zafi, a shimfiɗa sabon yadi mai sosonsa. Nawa yanzu ya sake saukowa, ga tabon gam rututu.

Masu motocin da aka rubuta SRS AIRBAG a ginshiƙin gefen gilashin gaba ko a gefen kujera, ku naku haɗarin ya fi nawa. A bayan robar nan jakar iska take, kuma an tsara robar ne ta buɗe ta ba ta hanya idan an yi karo. A ɗaura mata sukuru ko a manne ta, wasa da rai ne.

Na kira lambarsa, a kashe. Na je inda ya kwatanta mini shagonsa, mutanen wurin suka ce ba su taɓa jin labarinsa ba. A garejin da na kai motar suka ce ni ne na uku da ya zo da irin wannan ɓarnar, kuma duk salon ɗaya ne: ya tafi da kayan, ya dawo da duhu.

Don Allah duk wanda zai yi irin wannan gyara ya je wurin mai shago tsayayye wanda makanikinsa ya sani. Kada kwali ko sifika su bar gabanka. Kafin a rufe, ka ce a juya maka bayan kwalin ka ƙirga kilif da idonka, ka ga leda a manne, ka gwada gilashi da sifika, kuma da rana. Kilif ɗin nan ana samunsu a wurin masu kayan mota, ka tafi da tsoho ɗaya a hannu domin kowace mota da irin nata.

Na kai ƙorafi wurin shugabannin makanikan unguwar, sun ce za su sa ido. Wanda ya haɗu da shi ya sanar da su ko 'yan sanda, kada a ɗauki doka a hannu. Ni dai yanzu ina neman kwalin ƙofar gaba na 406 guda biyu, hagu da dama, mai yadi ruwan toka.