Wata 14 da a-kori-kura mai taya bibbiyu a baya

Duk wanda ke jigilar motocin gwanjo zuwa tashar jirgin ruwa a nan Amurka ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, wato a sayi mai taya guda-guda a baya ko mai bibbiyu da ake ce wa duwali. Ni shekara uku na yi da mai guda-guda, ina jan tirela mai wuyan dinya daga Kolombos ta jihar Ohayo zuwa Baltimo, mota biyu kowace tafiya, galibi na mutanenmu da ke jiran kayansu a Kwatano ko Legas. Yau wata 14 ke nan da na koma duwali. Mutum uku sun tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya ko su saya, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona.

Wata Talata ce a watan Oktoba. Na baro gida tun kafin asuba da Highlander da Camry a kan tirela, na bi ta Mogantawun na hau babbar hanyar I-68. Wanda ya san hanyar ya san hawa da gangara ne ba hutu har a fita tsaunukan Merilan. Ana yayyafi, kwalta ta jiƙe sharkaf. Na wuce inda aka tsaga dutsen Sideling Hill ke nan, na fara gangarowa a kan mil 60, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerata. Nan take wani abu ya shiga dukan bodi ta baya, fat-fat-fat. Salati kawai nake yi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina jiran motar ta fizge ni, don na taɓa yin faci da tsohuwar motata ba ma da kaya, sai da ta kusa kai ni rami.

Wallahi ba ta motsa ba. Ta ɗan yi rawa sau ɗaya ta baya, ta miƙe abinta kamar ba abin da ya faru. Na ɗaga ƙafa daga totur, ban taka birki ba, na bar injin ya riƙe ta, sannan na riƙa taɓa birkin tirela da hannu kaɗan-kaɗan har na samu gefen hanya mai faɗi na tsaya. Wata babbar tirela ta wuce ni da gudu, iskarta ta girgiza madubi, ni kuwa na fi minti biyar a zaune ƙafata na rawa.

Da na sauka na leƙa, tayar ciki ta hannun dama ce ta yi bindiga. Ta yage kaca-kaca, wayoyinta sun fito sun nannaɗe, ɓarin robar ya fasa murfin da ke rufe tayoyin. 'Yar'uwarta ta waje tana nan tsaye ita kaɗai, ta ɗan tanƙwara saboda nauyi, na ɗora tafin hannu na ji ta da zafi ƙwarai duk da ruwan da ke sauka. Irin wannan tirela ƙugiyarta a tsakiyar bodi take, daidai saman aksul ɗin baya, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyinta a nan yake zama. Da tsohuwar motata ce, duk wannan nauyi a kan rim zai faɗo, a gangara, a cikin ruwa, da motar mutane biyu a bayana. Na yi sujadar godiya a kan tsakuwar nan. A ranar nan, da za a tambaye ni, cewa zan yi kowa ya sayar da tasa ya sayi duwali.

Sai da mai gyaran taya ya zo ya ciro gawar tayar sannan raina ya ɓaci. Kowace taya a ƙasar nan tana da lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ya goge laka da babban yatsa ya nuna mini 4116. Tun 2016! Muka leƙa ta ɗaya gefen, ita ma haka. Ashe dillalin da ya sayar mini da motar tayoyin waje kawai ya sabunta, waɗanda ido ke gani, ya shafe su da mai suna ƙyalli, ya bar na ciki da suka tsufa suka tsattsage. Da bakinsa ya ce mini duka shidan sababbi ne. Na kira shi daga bakin hanyar, ya ce shi ma haka ya saye ta. Har yau ban ga ko dala ɗaya daga hannunsa ba. Kuma ba a sa sabuwar taya kusa da wadda ta siɗe, don wadda ta fi tsayi ita za ta ɗauke kayan ita kaɗai, saboda haka huɗu na saya a makon.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne tayar ciki tana iya sacewa kwana da kwanaki ba ka sani ba, don ta waje ta rufa mata asiri. Dokar da ta tilasta sa na'urar gargaɗin iskar taya ba ta hau kan masu taya bibbiyu ba, tawa kuwa ba ta da ita. Bakin sa iska na tayar ciki yana can ɓoye, sai ka durƙusa ka cusa hannu ta ramin rim. Ga duwatsu da ke maƙalewa tsakaninsu duk ranar da na shiga filin gwanjo.

Tunda na fara, bari in faɗi na lasisi, don shi ya fi ci mini rai. Mako guda da sayen motar, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe a harkar ya buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke manne a jiki, wadda ke nuna iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai har da kayanta. Ya ce, "Ɗana, ka yi lissafi kuwa kafin ka biya?" Na ce, "Wane lissafi, Baba?" Ya ce in haɗa nauyin da aka rubuta wa motar da na tirela. Tsohuwar motata laba 11,500 aka rubuta mata, tirela 14,000, jimla 25,500. Wannan kuwa 14,000 ce, jimla 28,000. Doka ta ce da zarar jimlar ta kai laba 26,001, wajen kilo 11,800, kuma tirelar ta haura 10,000, sai da lasisin manyan motoci ajin A. Ko da wayam kake tafiya, abin da ke rubuce ake dubawa. Tun Fabrairun 2022 kuma sai ka yi makarantar tuƙi kafin a bar ka ka yi jarrabawar. Da yake ba ni da lasisin, mako bakwai motar na fake a ƙofar gida ina biyan bashinta da inshora, masu kaya suna bugo waya daga Kano da Maraɗi ina ba su haƙuri. Dillalin nan ya san aikin da zan yi da ita, na gaya masa, bai ce uffan ba.

Lokacin sanyi kuwa, in ba tirela a bayanta, ba ta da amana ko kaɗan. Nauyin ya rabu a kan taya huɗu, babu wadda ke kama ƙasa sosai, dusar ƙanƙara kaɗan sai ta fara santsi. Buhunan yashi nake zuba mata daga Disamba. Faɗinta ta baya ƙafa takwas ne, wurin fakin na kanti ba ya ɗaukarta, injin wankin mota ma ba ta shiga. Da na kai iyali ziyara Buronkis, a gadar shiga New York kuɗin babbar mota aka caje ni saboda tayoyin nan, alhali daga ni sai matata da yara.

A kan hanya da lodi dai ban taɓa tuƙa abin da ya kai ta natsuwa ba, iskar manyan motoci ba ta kaɗa ta, kafaɗuna sun daina ciwo bayan tafiya. Amma ƙanena da ke ɗaukar mota ɗaya a ƙaramar tirela, sau biyu a wata, na hana shi saya, kuma zan sake hana shi. Ni ma ba don na riga na sha wahalar lasisin ba, kuma ina shirin ƙaro tirela mai ɗaukar uku, da na yi tunanin komawa mai guda-guda da tayoyi masu kyau. Yanzu akwai guntun ƙarfe a bayan kujerata, duk inda na tsaya shan mai sai na zagaya na ƙwanƙwasa na cikin nan biyu na saurari ƙararsu kafin in tayar.