Malbec na Kwarin Uco: jan giyar inabi mai son nama

Inabin Malbec ɗan Faransa ne, daga yankin Cahors a kudu maso yamma, inda ake kiransa Côt. Michel Pouget, masanin noma, shi ya kai shi Ajantina a 1853. Sanyin 1956 ya kashe kurangunsa masu yawa a Bordeaux, wani yankin Faransa, manoma da dama ba su sake dasa shi ba, sai ga shi ya yi suna a Mendoza, wani lardin Ajantina, fiye da gidansu.

Na Kwarin Uco, da ke cikin Mendoza, ya fi cancantar kuɗinsa. Gonakin suna gindin duwatsun Andes, a tsayin mita 900 zuwa kusan 1,500 sama da teku. Rana mai ƙarfi tana kaurara ɓawon inabin, shi ya sa launin ya yi duhu har ya koma shunayya a bakin kofi. Sanyin dare kuma yana riƙe tsaminsa, giyar ba ta yin lami. Ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace nunannu ne ke fara bugo hanci, sai na fure, sai ɗan koko. Baurinsa, irin na shayin da ya daɗe a buta, yana da taushi. Na Cahors, wanda doka ta ce sai Malbec ya kai kashi 70 cikin ɗari, ya fi shi kama harshe.

Aibunsa biyu. Ƙarfinsa yakan kai kashi 14 zuwa 15, don haka in ya ɗumama sai zafin barasa ya danne komai. A sha shi a digiri 16 zuwa 18. Minti 20 a firji ya isa, sannan a juye a wani mazubi ya sha iska na rabin awa. Na biyu, masu araha sukan cika ƙamshin katako da banila don rufe rashin jiki.

Wajen ci, gasasshen naman sa mai kitse, irin asado na Ajantina da miyar chimichurri, babu kamarsa, domin maiƙo yana kwantar da bauri. Naman rago da cuku mai ƙarfi ma sun dace. Kifi mai mai kuwa a'a, ƙarni ke tashi har baki ya ji kamar ƙarfe. Barkono mai yawa ma yana ninka zafin barasar.