Lichess: ya iya koyar da tarko, bai iya bayanin matsayi ba

Lichess dandalin wasan ches ne na intanet da Bafaranshe Thibault Duplessis ya buɗe a 2010, kyauta, babu talla. Mai son sanin yaren da 'yan ches ke siffanta allo da shi ya fara da sashen atisaye da na wasannin warwarewa, domin an kasa su bisa suna. Ka zaɓi fok, sai a yi ta kawo maka doki yana barazana ga sarki da sarauniya lokaci guda har idonka ya saba. Haka ɗauri, inda ɗan wasa ba ya iya gusawa don kada sarkin da ke bayansa ya fito fili, haka zugzwang, inda duk motsin da ka yi ɓarna ne amma dole ka motsa. Akwai kuma matsayin Lucena da na Philidor, sanannun yanayi biyu na ƙarshen wasa inda ruk (ɗan wasan da ke tafiya a miƙe) ke fuskantar ruk: na farko na koyar da yadda ake cin nasara, na biyu yadda ake tsira da kunnen doki. A nan kam dandalin ya ciri tuta.

Bayan wasa, ka nemi nazarin kwamfuta. Injin Stockfish zai sa ?! a kan sakaci, ? a kan kuskure, ?? a kan babbar kasassaɓa. Lamba +1.5 na nufin mai fararen 'yan wasa na gaba da kimanin darajar soja (mafi ƙanƙantar ɗan wasa) ɗaya da rabi, #3 kuma kisa, wato ritsa sarki a ƙare wasa, a motsi uku. Idan a waya kake kunna injin, ka bar zurfin lissafinsa ya kai 20 kafin ka yarda da lambar, don ta farko takan sauya, kuma yana shan caji sosai.

Inda ya gaza shi ne bayanin dalili. Zai nuna maka +0.8, amma ba zai ce bishof ɗinka (ɗan wasan da ke tafiya a karkace kan gidaje masu launi ɗaya) ya rasa amfani ba saboda sojojinka sun tsaya a gidaje masu launinsa, ko dokin abokin karawa ya kafa sansani a gidan d5 na tsakiyar allo inda babu sojan da zai kore shi. Keɓaɓɓen soja, rufaffen wasa, buɗaɗɗen layi, duk lamba ɗaya ta haɗiye su. Shi ya sa mai dogaro da injin kaɗai yakan iya harin sadaukarwa irin na Tal, amma ya kasa gane matsin sannu-sannu irin na Karpov ko kandagarkin Petrosian, dukansu tsofaffin zakarun ches na duniya. Wannan sai ta wasannin da gwanaye suka yi wa sharhi da baki, kuma akwai su a sashen darussa, sai dai ingancinsu ya danganta da wanda ya rubuta.