Sikirin 240Hz a laftof: santsi akwai, amma hoto yana jan jela

Laftof ɗin da nake magana a kanta inci 16 ce, sikirin IPS (wani nau'in LCD), 2560x1600, 240Hz, wato yana sabunta hoto sau 240 a sakan, a jikin kwali kuma an rubuta 3ms, wato milisakan 3 na saurin canza kala, da manyan baƙaƙe. Na jima ina amfani da ita, gem da daddare, aiki da karatu da rana, kuma ba zan kama sunan kamfani ba tunda abin da zan faɗa ba su kaɗai ke yi ba.

Bari in fara da alherinta. Wanda ya taso daga 60Hz ya zo 240Hz zai ji bambanci tun kafin ya buɗe gem, maus kaɗai in ka motsa za ka ga kibiyar tana bin hannunka ba tsalle-tsalle, jan windo daga gefe zuwa gefe sumul, kuma a Counter-Strike 2 juyawa tana zuwa nan take. Kala ma ba laifi, haske ya isa. Wannan ɓangaren na yaba kuma har yanzu ina yabawa.

Inda muka fara samun saɓani da ita shi ne wurin duhu. Duk lokacin da abu mai duhu ya gifta ta gaban bango mai ɗan toka-toka sai in ga wata inuwa tana bin sa a baya, kamar ka shafa hannu a kan rubutun biro da bai gama bushewa ba. In na sa burauza a baƙin bango da farin rubutu ina gangarawa ƙasa da sauri, rubutun sai ya dusashe ya yi kauri, sai na tsaya sannan ya dawo daidai. A gem ɗin ƙwallo ma haka, dogon fas in aka buga ƙwallon tana tafe da jela. Wannan shi ne gostin ɗin da ake ta faɗa, kuma wallahi da zarar idonka ya kama shi sau ɗaya shi ke nan, ko'ina sai ka riƙa ganinsa.

Lissafin ba wuya. A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7 a sikirin, a 144Hz kusan 6.9, a 240Hz kuwa 4.2 ne kawai. To shi fiksel ɗin LCD, wato kowane ɗan ɗigon da ke haɗa hoto a sikirin, ba kwan fitila ba ne da zai canza nan take, wani ruwa ne a ciki da sai ya juya kafin kala ta canza, kuma juyawar tana cin lokaci. In fiksel yana buƙatar milisakan 8 ko 10 kafin ya tashi daga wannan toka zuwa waccan, sikirin kuma yana turo sabon hoto duk bayan 4.2, kun ga ai bai gama da na farko ba na biyu ya iso, na uku ma yana hanya, ragowar tsohon hoton ne yake zama inuwar nan. Shi ya sa sikirin 240Hz mai nauyin jiki zai iya fin 144Hz mai zafin nama datti a motsi.

Shi kuma 3ms ɗin da ke kwali, abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Adadin GtG ne, daga toka zuwa toka, kuma yadda aka saba aunawa daga kashi 10 zuwa kashi 90 na canjin ake ƙirgawa, farko da ƙarshe ba sa shiga lissafi, alhali ƙarshen nan shi ne yake jan jiki. Sannan canjin kala ba guda ɗaya ba ne, akwai masu sauri akwai masu nawa, mai talla kuma wanda ya fi kyau zai ɗauka ya manna. Ba ƙarya ba ce kai tsaye amma mai saye bai san haka ba, yana ganin 3 bai kai 4.2 ba sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Na shiga manhajar da ta zo da laftof ɗin na kunna obadiraib, wato ana ƙara wa fiksel ƙarfin wuta don ya yi saurin juyawa. Ya taimaka sosai a 240Hz, inuwar ta ragu har na ji daɗi. Amma yana da nasa, in turin ya yi yawa fiksel yana wuce inda aka aike shi sannan ya dawo, sai ka ga maimakon baƙar inuwa wani farin zagaye mai ƙyalli a gefen abu. A wannan laftof ɗin kunnawa da kashewa ne kawai, babu matakai kamar yadda ake samu a monita na tebur, kuma an daidaita shi ne don 240Hz, to in gem mai nauyi ya sauko da firam, wato hotunan da yake fitarwa, zuwa 70 ko 80 a sakan kuma G-Sync mai daidaita gudun sikirin da na gem yana aiki, sikirin ya rage gudu ya bi gem ɗin, farin zagayen nan sai ya fito fili ƙarara musamman a gefen bishiyoyi da turakun wuta a gaban sararin sama. Yanzu dai dabarata ita ce in kunna a gem masu sauƙi da ke kai firam sama, in kashe a masu nauyi. Yana aiki, amma gaskiya bai kamata a ce mutum ne zai riƙa wannan zirga-zirgar da hannu ba.

Akwai kuma wani dishi-dishin da ba laifin fiksel ba ne, wannan ya kamata mutane su gane kafin su mayar da kaya. Sikirin na zamani yana riƙe kowane hoto cak har na gaba ya zo, idonka kuma ba ya tsayawa, yana bin abin da ke tafiya, sai hoton da ke tsaye ya shafu a cikin idon. Ko da fiksel yana canzawa nan take wannan yana nan. Ƙa'idar da mutanen Blur Busters, wani shafi mai nazarin motsi a sikirin, suke bayarwa ita ce duk milisakan 1 da hoto ya zauna yana ba da shafewar fiksel 1 in abu yana gudun fiksel 1000 a sakan, ke nan a 60Hz kusan fiksel 16 ne, a 240Hz kusan 4. Nan ne yawan Hz yake da amfani na gaske, amma da sharaɗi, sai gem ɗin ma yana fitar da firam 240 ɗin. In katin hoto 80 yake iya bayarwa to dishi-dishin 80 za ka gani, komai lambar da ke kwali. Tsofaffin monitocin CRT ba su da wannan matsalar sosai saboda walƙiya suke yi su ɗauke, shi ya sa wasu monitoci ke kwaikwayon su da ƙyafta hasken baya, irin ULMB na NVIDIA, sai dai yana rage haske kuma wannan laftof ɗin ba ta da shi, laftof kaɗan ne ma ke da shi.

Wanda yake so ya gwada tasa, ya buɗe shafin gwaji na TestUFO a burauza, ya tabbata caja tana jiki don laftof da yawa suna komawa 60Hz a kan batir, ya duba setin sikirin na Windows ya ga da gaske 240 aka zaɓa, sannan ya bi ɗan jirgin da ke wucewa a shafin da ido. Shafewa iri ɗaya gaba da baya ta ido ce. Inuwa a baya kaɗai fiksel ne ke nawa. Farin zagaye kuma obadiraib ne ya wuce gona da iri. Kuma a bar ta ta ɗan yi ɗumi tukuna, LCD in ta yi sanyi ta fi nawa, na lura da haka sosai in na kunna ta a ɗaki mai sanyi.

Wani abu kuma, gem da kansa yana iya yin nasa gostin. Fasahohin gyaran hoto irin TAA da su DLSS da FSR suna haɗa bayanan firam na baya da na yanzu, wani lokaci su bar sawu a bayan mota ko hannun ɗan wasa, ga kuma setin dishi-dishin motsi da gem da yawa ke zuwa da shi a kunne, ni kullum kashe shi nake fara yi. Hanyar rabewa mai sauƙi ce, ka ɗauki sikirinshot ko rikodin daga cikin kwamfutar, in inuwar ta fito a hoton to gem ne, in ba ta fito ba sikirin ne. Tawa ba ta fito ba.

Na samu na zauna gaban wata laftof mai OLED 120Hz, irin sikirin da kowane fiksel ke ba da haskensa da kansa, na yi irin wannan gwajin, inuwar babu ita sam saboda fiksel ɗin OLED ƙasa da milisakan 1 yake canzawa, rubutu fari a kan baƙi tas yake tafiya. Dishi-dishin ido yana nan tunda 120 ce, kuma OLED na da nata fargabar ta tabon hoto in abu ya daɗe a wuri ɗaya, amma a motsi ta fi tawa tsabta a wurin duhu nesa ba kusa ba. Mini-LED kuwa kar ta ruɗi kowa, LCD ce har yanzu, hasken baya aka gyara ba saurin fiksel ba.

Uku cikin biyar zan ba wannan sikirin. Don aiki da kallo da gem na nishaɗi ya wadatar, mai buga gem na gasa kuma ko mai yawan karatu a baƙin bango zai takura. Wanda zai saya ya nemi sharhin da aka auna saurin fiksel da na'ura, irin yadda shafin sharhin laftof na Notebookcheck ke auna toka kashi 50 zuwa kashi 80 da baƙi zuwa fari, ya kwatanta da 4.2 ɗin nan, ya kuma duba lambar samfurin da kyau don laftof mai suna ɗaya tana iya zuwa da sikirin iri biyu ko uku.