Masu turo mai jinya gida a Garwa: abin da muka gani cikin wata biyar

Mutane sun dame ni a WhatsApp da tambayar yaya muka ƙare da masu turo ma'aikaciya gida ta kula da tsoho, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunansu ba.

Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki bayan tansiyo, wato hawan jini, ya hau mata, ni ina kasuwa tun safe, ƙanwata tana aure a Ngaundere, matata ga goyo ga yara uku, kuma kun san mu nan ba a kai uwa gidan ajiye tsofaffi irin na Faransa, ko da akwai ma bakin dangi ba zai bar ka ba. Sai muka shiga sabis ɗin nasu, sefa dubu 90 a wata, daga 7 na safe zuwa 5 na yamma, ina tura musu ta Orange Money tun ranar 1.

Wadda suka fara turo mana wallahi ba ni da abin cewa sai Allah ya saka mata. Ba Bahaushiya ba ce, da Fulatanci suke hira da Inna. Duk awa biyu sai ta juya ta, ta sa mata filo tsakanin gwiwoyi, ta duba dunduniya da ƙugu ko sun fara ja, ta rubuta awon tansiyo da lokacin magani a wani ɗan kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango. Ita ta fara lura Inna tana ƙwarewa in kunu ya yi ruwa-ruwa, mu duk ba mu gane ba, sai ta riƙa sa a dama shi da kauri, ta ɗaga ta zaune, cokali ɗaya ta jira sai ta ga ya wuce. Zafin Maris na Garwa kun san shi, ya haura 40, in an ɗauke wuta da mafici take zama a kanta. Har Inna ta koma ce mata 'yata.

Wata uku sai muka ga baƙuwar fuska, wai waccan ta yi tafiya. Ashe ba tafiya ba ce. Na gamu da ita a farmasi take ce min, "Alhaji ka yafe ni, wata biyu ba a ba ni ko dala ba." Albashinta dubu 40 ne cikin dubu 90 ɗin da nake turawa, alhali tun 2023 dokar Kamaru ta ce mafi ƙarancin albashi a irin wannan aiki dubu 60 ne, babu kontira a rubuce, ba a sa ta a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, ba, kuɗin moto daga aljihunta, ko Lahadi babu hutu. Wa zai zauna?

Cikin sati bakwai mata huɗu aka canza mana. Ba wadda aka zaunar aka gaya mata halin Inna, kayen nan ma ni na riƙa ɗauko musu shi. Ɗaya gida biyu aka haɗa mata rana guda, sai ta bar mu ƙarfe 12 ta ruga wata unguwa. Wata ta gaya wa matata kwana uku kawai aka nuna mata aikin. Ni ban ga laifin yaran nan ba gaskiya, amma a hannunsu gyambo ya buɗe wa Inna a ƙugu. Da na kira patron, wato shugabansu, sai ya ce min wai 'yan matan yanzu ba su da haƙuri.

Ba zan zalunce su ba, suna ɗaga waya ko da dare, kuma na'urar awon tansiyo da safar hannu ba su taɓa yankewa ba. Tauraro biyu cikin biyar nake ba su, biyun ma albarkacin ta farko ne. In za ka ɗauke su, ja ma'aikaciyar gefe ka tambaye ta wata nawa ta yi da su da kuma yaushe rabonta da albashi.

Mu dai mun fita. Ta farkon ta samu aiki a wani kilinik, tana biyowa bayan la'asar ta wanke gyambon, ina ba ta kuɗinta a hannu duk Juma'a. Ya fara haɗewa amma da saura.